Kitsen Layya a Cikin Motar Yaya

Yayana ya dawo daga Jidda a shekarar da na fara koyarwa a firamaren ƙauyenmu, kusa da Hasahisa. Ya daɗe can yana tuƙa tankar ruwa, har wata rana bututun ƙarfe ya faɗo masa a ƙafar hagu wajen lodi. An yi masa aiki, an sa ƙarfe, amma gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa sosai ba, kuma akwai wani miki a ƙwaurinsa da ya ƙi rufewa, kullum a naɗe yake da bandeji. Tuƙi ya ƙare ke nan. Aurensa ya riga ya mutu tun yana can, don haka ɗakin marigayi babanmu muka share masa, muka zama mu uku a gidan, ni da shi da Inna, mahaifiyarmu.

Ya zo mana da turare da dabino da mayafai, sai kuma wani babban kwali da bai yarda kowa ya ɗauka ba. Da ya buɗe, mota ce ta wasa, amma ba irin ta yara ba. Tsawonta ya kai na ɗan akuya, kowace taya kamar kwanon sha, ga gangar jiki ta roba an zana mata harsunan wuta. Abin tuƙa ta kamar ƙaramar bindiga yake, da ɗan sitiyari a gefe. Inna ta tambaya ko tsarabar wane jikan ce. Ya ce tasa ce. Mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu. Inna ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Kowace la'asar sai ya zauna a kan angarib, gadon igiyar nan namu, a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar tsakar gida, ya miƙe ƙafar, ya yi ta zagaya tsakar gida da motar. Kaji suka koyi hawa katanga. Ni ban damu ba a farko, don na ga lokacin ne kawai fuskarsa ke sakewa. Amma ƙurar yankinmu na Jazira ba ta barin komai. Bayan 'yan watanni motar ta fara tari, wata rana ta tsaya cak tana fitar da hayaƙi mai warin ƙonannen gashi. Ya kwance injin, wani ɗan gwangwani ne kamar na tumatir, ya nuna min 'yan gawayi biyu da ke gogar sandar ciki, sun cinye ƙurmus. Ya ce akwai sabon inji wanda ba shi da gawayi ko ɗaya, babu abin da ke gogar wani, don haka ƙura ba ta kashe shi, kuma ƙarfinsa ya ninka na wannan. Ya yi waya da wani abokinsa a Jidda, kuma da wani maƙwabcinmu ya dawo daga umara sai ga ƙunshi.

A nan ne ni na shiga cikin maganar, ba da son raina ba. Yatsun Yaya kauri ne da su, na mutumin da ya saba da sitiyarin tanka, kuma kusoshin motar wasu ba su fi ƙwayar gero ba. Idan ɗaya ta faɗi a ƙasa ba ya iya durƙusawa ya nema. Sai ya kira ni. Ustaza, zo ki riƙe min nan. Da sunan malanta yake kirana idan yana son aiki, in kuwa ba ya son komai ni ƙanwa ce kawai. Ya ɗauke siniya, babban farantin da muke jera abinci a kai, ya mayar da ita teburin aiki, ya cika kofunan shayi da kusoshi.

Sabon injin waya uku gare shi maimakon biyu, kuma ba ya aiki sai da wani ƙaramin akwati mai fanka da ke raba masa wuta, da wani sabon batir mai laushi kamar sabulu, wanda Yaya ya ce in an huda shi wuta yake kamawa. Wayoyin kauri ne da su, ƙarfen liƙa dalma na lantarki ba ya iya narkar da su, balle wutarmu da ke zuwa tana tafiya. Sai ya samo wani guntun jan ƙarfe ya riƙa gasa shi a garwashin Inna. Ni ke riƙe wayar da filaya, shi yana dannawa. Hayaƙin da ke tashi yana da wani ɗaci mai kama maƙogwaro, ya shige min mayafi ya ƙi fita, har a aji ina jin sa a jikina. Ɗigon dalma ya faɗo min a babban yatsa ya yi bororo. Ya ce ma'alesh, wato ba komai, bai ko ɗago kai ba.

Ranar gwaji, da ya ja kunamar abin tuƙin sai motar ta yi baya. Ya yi dariya, ya sauya wayoyi biyu daga cikin ukun, ya sake ja. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ta yi wata ƙara kamar an take wutsiyar kyanwa, ta ɗaga tayoyin gaba sama, ta ƙetare tsakar gida kafin in ƙifta ido, ta daki ƙafar ƙarfen da randarmu ke kai. Randar ta tsira, murfinta bai tsira ba. Ya juyo da ita ya sake ja, sai muka ji wani gurzo kamar ana niƙa tsakuwa, injin na ihu, tayoyi ba sa motsi. Babban giyan, wanda na roba ne, haƙoransa sun aske tas, garinsu ya cika cikin motar kamar dusa.

Ni na zaci an gama ke nan. Ashe yanzu aka fara. Ya ce laifin ba na injin ba ne, duk abin da ke tsakanin injin da taya ne ya yi rauni, dole a mai da shi ƙarfe. Aka sake waya, aka sake jiran mai dawowa, giyan ƙarfe ya iso. Muka ɗaura shi, ya sa ni na yago ɗan siririn takardar kwalin shayi na cusa tsakanin ƙaramin giya da babba kafin ya ɗaure injin, wai don haƙoran su sami ɗan sarari. Giyan ya riƙe. Sai sandunan da ke kai juyi zuwa tayoyi, su ma na roba, suka murɗe kamar igiya, ɗaya ta tsinke ta yi tsalle ta faɗa cikin kwanon miya da Inna ta ajiye ya huce. Ya sa yatsa ya ciro ta, ya lashe yatsan. Ban ci abinci ba ranar.

Sandunan bai jira Jidda ba. Ya hau motar haya da sandarsa ya tafi Hasahisa, ya kai tsofaffin wajen wani mai injin sassaƙa ƙarfe, aka yanko masa irinsu daga tsofaffin kusoshin babur. Ba su zauna daidai ba, don haka ya kwashe kwanaki yana goga su da magagari a kan siniyar nan. Garin ƙarfe ya shiga ko'ina. Ina cin kisra, siririyar wainar dawar nan tamu, in ji ƙaras a haƙori. Baƙin man giris ya hau marikin buta, ya hau labule, ya hau bakin kofin randa. Wata rana na ga shatin babban yatsansa baƙi ƙirin a gefen kisrar da ke gabana. Na yi magana, ya ce man inji ba ya kashe mutum, shi ya sha shi shekara da shekaru. Inna takan bi bayansa da tsumma tana gogewa, ba ta yi masa faɗa, saboda ƙafar.

Abin da ya rage shi ne akwatin giyoyin baya, wani ɗan ƙullutu kamar lemun tsami tsakanin tayoyin biyu, wanda ke raba musu juyi. Ya bayyana min cewa in taya ɗaya ta tashi sama, duk ƙarfin can yake tafiya, ta yi ta juyi a banza har ta kumbura, ɗayar kuma tana zaune. Maganinsa a cika akwatin da wani mai mai kauri kamar zuma, wanda zai riƙe giyoyin. Ya nema a Hasahisa bai samu ba. Ya gwada giris ɗin tarakta, ya ce ya yi laushi, da ya yi zafi sai ya tsiyaye. Ya huda ɗan rami a jikin akwatin don ya riƙa ɗura abu ba tare da ya kwance komai ba, yana toshe shi da guntun sabulu. Ana cikin haka Sallar Layya ta zo.

Mun yanka rago. Washegari da safe ina wanke kwanoni ya tsaya a kaina yana kallon kitsen da ya daskare a gindin tukunya, yana taɓa shi da yatsa. Na san kallon nan. Na ce masa kada ma ya fara. Ya ce mutanen da da me suke shafa wa gatarin amalanke in ba kitse ba. Na ce ko da haka ne, soyayye suke sa wa. Ya ce soyayye narkewa yake yi, ɗanye shi ne mai jiki.

Na tafi gaishe-gaishen Sallah. Da na dawo na tarar ya yanki ɗanyen kitsen ciki, da 'yan jijiyoyinsa da ɗigon jininsa, ya kirɓa shi a ɗan turmin da Inna ke daka 'ya'yan gahawa, ya ɗura shi ta ramin nan da sirinji har ya cika. Abin da ya ragu ya shafe sandunan da shi, da gaɓoɓinsu, da duk inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Hannayensa na sheƙi har gwiwa. Inna ta wanke turmin da toka, ta sake wankewa da ƙasa, amma gahawar da ta dafa bayan nan da ɗan maiƙo take fitowa a sama, sai da ta haƙura ta ari na maƙwabta.

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Da la'asar ya fita da motar bakin tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakin auduga, inda taraktoci suka bar kwari da tudu a busasshen laka. Ta hau ta sauka, tayoyin baya biyu suna haƙa tare, ba wadda ke juyin banza. Maza suka taru suna kallo, wani dattijo har ya roƙa a ba shi ya gwada. Yaya ya dawo yana magana da ƙarfi, ya ci abinci da yawa. Ya tura motar ƙarƙashin gadonsa, ya ce sai ya huta, don tsayuwar ta tayar masa da ciwon ƙafa. Ya kwanta jinya, motar na can ƙasa, ga zafin da ake yi lokacin, ɗaki kuma rufin kwano.

Warin a hankali ya fara. Da farko kamar an manta da tsumman nama a wani lungu. Inna ta ce ɓera ne ya mutu, muka janye buhuna, muka duba bayan akwatuna, ba mu ga komai ba. Na tura tsintsiya ƙarƙashin gadon Yaya, na ga motar a rufe da gangarta, tsaf da ita, ban kawo komai a raina ba. Muka turara ɗakin da turaren wuta. Turaren ya haɗu da warin suka zama wani abu na uku, mai zaƙi-zaƙi, wanda ya fi na farko tayar da zuciya. Shi da ke kwance a ciki ya ce ba ya jin komai.

Sai wasu 'yan'uwan Inna mata suka zo daga Abu Na'ama yi mana barka da Sallah, suka shiga duba shi. Na kai musu ruwa. Na ga yadda suka zauna a bakin tabarma, suna jan mayafi zuwa hanci kamar masu gyara lulluɓi, idanunsu na kan bandejin ƙafarsa. Ba su daɗe ba. A rakuba babbar cikinsu ta jawo Inna gefe ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, amma na ji. Ta ce ita ta san irin wannan warin, haka mijinta ya yi kafin a yanke masa ƙafa, kada a tsaya kunya, a kai shi asibiti tun da sauran dama.

Bayan sun tafi Inna ta ɗan zauna a kan turmi. Sannan ta shiga ɗakin Yaya, na bi ta.

"Kwance ƙafar ga in gani," ta ce.

Ya ce lafiyarsa lau. Ta maimaita, muryarta ba ta tashi ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya gane abin da ake zato. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba, ko ranar da ya sauko daga mota da sanda. Ya warware bandejin a hankali. Mikin na nan yadda yake, ja, tsaf, ba ruwa ba wari. Inna ta sunkuya ta shinshina shi da hancinta, ta ɗago ta yi hamdala tana share ido. Tana a sunkuye ɗin ne ta lura da layin tururuwa da ke bin ƙafar gadon suna shiga ƙarƙashi, da manyan ƙudajen nan masu kore da ke fitowa daga can.

Ni na jawo motar waje. Ina ɗaga ta warin ya bugo ni a fuska sosai. Na ajiye ta a rana a bayan ɗakin girki, na zare 'yan filolin da ke riƙe gangar, na ɗaga. Duk inda ya shafa kitse ya zama kore-kore mai yauƙi, kuma yana motsi. Tsutsotsi ne, farare, ƙosassu, sun lulluɓe sabbin sandunan da aka sassaƙo a Hasahisa, sun taru a gaɓoɓi, wasu sun hau har kan fankar akwatin wuta. Sabulun da ya toshe ramin da shi ya faɗi tun a bakin tur'a, suna shiga suna fita ta nan kamar gidansu. Na juya na yi amai a gindin katanga.

Inna ta ce a ɗauki abin nan a jefa a tur'a yanzu. Yaya, wanda ya dogaro sandarsa ya fito, ya ce injin da akwatin wutar lafiyarsu ƙalau, wankewa kawai ake bukata. Ya yi ƙoƙarin durƙusawa, gwiwar ta ƙi, ya kusa faɗuwa a kan motar. Ya sake gwadawa ta ɗaya gefen. Na tsaya ina kallonsa, bandejin a warware yana jan ƙasa. Haushinsa nake ji har wuya, amma ban iya ci gaba da kallon ba. Na ce ya je ya zauna.

Na ɗaure hanci da ɗankwali, na sa hannuwa cikin leda, na zuba fetur a tsohon gwangwanin madara. Ledar ba ta bari in riƙe ƙananan kusoshin, dole na cire ta. Da yatsuna na kwance tayoyin, na zare sandunan ɗaya bayan ɗaya, suna sulɓewa. Fetur na taɓa tsutsotsin sai su miƙe su murɗe, su taso saman gwangwanin. Kaji suka sauko daga katanga suka kewaye ni suna tsattsage waɗanda suka faɗi, ina kora suna dawowa. Na tuna ƙwan da za mu ci gobe daga cikinsu zai fito.

Akwatin giyoyin ne na ƙarshe. Da na kwance kusoshinsa na raba shi biyu, wani ruwa mai launin toka ya tsiyayo min a tafin hannu, da ɗumi. A ciki, tsakanin ƙananan giyoyin, abin ya zama kamar ruɓaɓɓen kunu, da gutsattsarin tsutsotsin da suka mutu da masu rai. Da tsinken tsintsiya na riƙa sakato su daga tsakanin haƙora, haƙori bayan haƙori. Yaya yana zaune a kan kujera daga nesa kaɗan yana ba ni umarni, kada in ɓatar da 'yan zobban ƙarfen da ke bayan giyoyin, kada fetur ya taɓa batir. Da na gama na jera giyoyin a rana, ya ce in miƙo masa ɗaya. Ya juya shi a haske, ya kai shi kusa da ido.

"Kin gani, Ustaza," ya ce. "Ko haƙori ɗaya bai ci ba. Kitsen ya yi aikinsa. Da na toshe ramin da kyau, da shi ke nan."

Na tashi na wanke hannu da sabulu, na goga da lemun tsami, na goga da toka, na yanke faratana har sai da suka yi jini. Warin ya zauna a ƙarƙashin fatar kwana da kwanaki, ko kuma a hancina ya zauna, ban sani ba. Da cokali na riƙa cin abinci, ni da ban taɓa cin kisra da cokali ba. Sauran naman layyar da Inna ta soya ta adana, ban ƙara kai hannu gare shi ba. Na daina yi wa Yaya magana in ban da gaisuwa, shi kuma bai ba ni haƙuri ba, sai dai wata rana na dawo daga makaranta na tarar da sabuwar siniya a jingine a ƙofar ɗakina.

Inna ta kafa doka, motar ba ta ƙara kwana a ɗaki, ba ta ƙara hawa kan abin da ake ci a kai. Ya sa aka kafa masa ɗan teburi a zaure. Man nan mai kauri ya iso daga baya, a cikin 'yar kwalba, fari tas, ba shi da wari ko kaɗan. Da kansa ya haɗa akwatin, ya ɗauki yini yana fama da kusoshi, wasu suka faɗi ya jawo su da maganaɗisu a bakin zare. Bai kira ni ba, ni ma ban leƙa ba.

Motar ta yi gudu sosai bayan nan. Har aka sami wasu mutum biyu a Hasahisa da suka sayo irinta, suka riƙa zuwa zauren ranar Juma'a ana kwance-kwance da gardama a kan giya. Shekara ta zagayo aka ɗaura min aure na koma Dinder. Da na zo ganin gida da cikin fari, na same shi a zauren ya tsufa kaɗan, motar a kife a gabansa ba tayoyin gaba. Ya ce akwatin giyoyin gaba ne yanzu ya fashe, wai ya sa batir mai ƙarfi fiye da na da. Ya ɗago min wata 'yar kusa a tafin hannunsa yana murmushi. Na ce masa Inna na jirana, na wuce ciki.